Yatsan da Ya Amsa wa 'Yar Kafinta

Malam Kore ya cuci 'yar kafinta, kuma da yatsa ɗaya ya cuce ta. Bai doke ta ba, bai zage ta ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da ma ya ɗaga, da wataƙila ta ji. Yarinya ce 'yar shekara tara wadda kunnuwanta ke mutuwa a hankali, shi kuwa ya tsaya tsakaninta da magani zango biyu cur, don kawai kada a ga ja a ajinsa. Wanda ya ce kuskure ne bai san yadda abin ya faru ba. Ga yadda ya faru.

Makarantar tana ƙarshen layi, bayan rumfunan masu gyaran babur: ajujuwa shida, ofis ɗaya, famfo ɗaya a tsakar fili. Shekarar da aka kawo kwamfutocin hannu sai da aka sa wa ofis sabuwar ƙofa. Suna kwana a akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, kowace da lambar yaro a bayanta da abin saƙalawa a kunne. Yara suka raɗa musu suna allo mai magana. A faɗi gaskiya, abin ya yi rana. Yaran da a da sai an zaƙulo su daga bayan banɗaki, yanzu su ke riga mai gadi zuwa bakin ƙofa. Allon zai faɗi kalma a kunnen yaro, ya nuna masa hotuna huɗu, yaro ya taɓa wanda ya dace. In ya ci, allon ya ƙara masa wuya kaɗan. In ya faɗi, ya sassauta masa. Duk amsar da yaro ya bayar tana tafiya kai tsaye zuwa wani babban gilashi da ke jikin bangon ofishin Hedimasta, inda kowane yaro ya zama ɗigo guda: kore in yana tafiya daidai, rawaya in yana ɗingishi, ja in ya tsaya.

Jami'ar da ta kawo shirin, wata doguwar mata mai magana a hankali, ta yi kwana uku tana koya wa malamai. A rana ta ƙarshe ta ɗaga yatsa ta ce, "Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Ja ba abin kunya ba ne, kira ne. Duk yaron da ya yi mako uku a jere yana ja a darasin sauraro, na'ura da kanta za ta sa sunansa a takardar nas, a duba masa kunne da ido in ta zo tsakiyar zango. Sau da yawa yaron da muke kira daƙiƙi ba ya ji ne kawai."

Malamin aji uku yana bencin gaba. Ya rubuta maganar a littafinsa, ya ja mata layi biyu a ƙasa. Don haka kada wani ya ce bai sani ba.

Kuma ba malamin banza ba ne, abin baƙin cikin ke nan. Shi ya fara laƙantar na'urorin tun sauran malamai na neman inda ake kunna su. Ya wargaza layukan benci ya mai da su da'ira-da'ira, yara biyar-biyar, mai saurin ganewa ya ja mai jinkiri. Yakan sa su ɗauki muryarsu suna ba da labarin da suka ƙaga, su saurara, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Cikin 'yan makonni ajinsa ya yi kore shar a gilashin ofis. Tsohuwar malamar aji ɗaya, wadda kowa ke kira Goggo Alli don ba a raba hannunta da farar ƙura, ita ta laƙaba masa sunan.

"Malam Kore, Malam Kore," in ji ta a ɗakin malamai, "ka riƙa waiwaye, kada awaki su biyo ka, sun ɗauka ciyawa ce."

"Goggo, ki zo in koya miki mana. Ba ta cizo."

"Ni ma ina da tawa na'urar." Ta nuna idanunta biyu. "Kuma ba ta neman caji."

Ɗigo ɗaya ne ya ƙi. Lamba ashirin da bakwai, 'yar kafintan da ke gyara wa makaranta benci. Sabuwar zuwa ce, a shekarar aka kawo ta, aka sa ta aji uku saboda shekarunta, ba don karatunta ya kai ba. Yara suna kiranta Murmushi, domin duk abin da ka ce mata murmushi za ta yi, ta gyaɗa kai. Ka ce ta miƙo maka biro, murmushi. Ka ce mata gidansu ya kama da wuta, murmushi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Dabara ce ta yaron da bai ji ba, kuma yana kunyar cewa a maimaita.

Mako na farko ja, na biyu ja. Ranar Litinin ta mako na uku Hedimasta ya kira malamin ofis, ya tsaya gaban gilashi da hannu a baya.

"Malam, ajinka kamar farar riga, sai wannan ɗigon jar tawada a ƙirji. Ka san sunanka na tura ofishin ilimi, kai za ka riƙa koya wa malaman sauran makarantu. A ce ajin mai koya wa malamai ne da ja?"

"Ina ƙoƙari da ita, ranka ya daɗe."

"Ƙoƙari ba ya fitowa a gilashi. Ka san yadda za ka yi."

Bai ce masa ya yi ha'inci ba. Manya ba sa faɗa, sai dai su bar ƙofa a buɗe su juya baya.

Ranar malamin ya zauna kusa da yarinyar, ya ƙara ƙarar na'urar har ana jiyo ta daga bencin gaba. Muryar ta ce tsuntsu, yarinya ta taɓa tebur. Allon ya yi ja, 'yan da'irarta suka tuntsire da dariya. Ba ta daina murmushi ba, amma hawaye na bin gefen hancinta.

Da aka kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma, ya ba ta tsumman goge allo ya nuna mata famfo. Aji ya watse. Ya ɗauki na'ura mai lamba ashirin da bakwai, ya saƙala abin kunne, ya amsa tambayoyi goma. Bai kai minti huɗu ba. Da ta dawo da tsumma a jiƙe, ya nuna mata tauraro kore a fuskar allon. Ta dafe baki don murna.

Ya gaya wa kansa tausayi ne. Wataƙila ranar farko akwai tausayin a ciki, ɗan kaɗan. Amma mai tausayi ba ya koyon faɗuwa biyu cikin goma da gangan don kada na'ura ta yi shakka, shi kuwa kafin Juma'a ya koya. A lokacin darasi sai ya buɗe mata shafin zane, inda ba a ƙirga amsa, ta yi ta zana gida da rana. Ƙarfe goma na yi, tsumma ya tafi famfo, yatsa ya hau aiki. Babu tsumman da ya taɓa shan wanki irin na aji uku.

Goggo Alli ce ta fara lura. Wata rana ta tarar da yarinyar a famfo, ta kira ta daga baya sau uku, shiru. Ta saki tarin makullan hannunta a kan siminti dab da dugaduganta. Ko gezau. Sai da inuwar tsohuwar ta faɗo kan ruwan sannan ta waiwayo da murmushinta.

Ta sami Malam Kore a ɗakin malamai yana jona na'urori a caji.

"Ɗan nan, 'yar kafinta ba ta ji."

"Wasa ne ya yi mata yawa, Goggo."

"Wasa da wa? Ita kaɗai ce a famfo, sai tsumma. Shekara talatin da ɗaya ina kiran yara daga baya. Na san mai ƙin ji, na san wanda bai ji ba."

Ya jawo wayarsa ya buɗe mata shafin ajinsa. "Ga ta nan. Takwas cikin goma a sauraro, mako huɗu a jere. Kurma zai ci takwas?"

Ta sa tabarau ta duba, ta cire. Sauran malamai suka yi tsit suna jiran abin dariya, shi kuwa ya ba su.

"Goggo, zamanin jefa makulli ya wuce. Yanzu aunawa ake yi."

Aka kwashe da dariya. Tsohuwa ta damƙe makullanta. "To, Allah ya sa ni ce na tsufa," ta ce, ta fita. Ba ta iya musu da lamba ba. Ya san haka, shi ya sa ya buga mata ita.

Bayan kwana kaɗan kafinta ya zo gyaran benci. Gajeren mutum ne mai fensir a bayan kunne, yana magana da ƙusa biyu a baki. Da ya gama ya fito da wani abu daga buhun kayansa: ɗan mariƙi na katako, an goge shi sumul, da tsagi daidai kaurin na'ura.

"Na ga kana jingina ta da littafi tana zamewa, Malam. Ragowar katako ne, ba wani abu ba."

Ya karɓa ya yi godiya. Kafinta bai tafi ba. Ya goge hannu a wando, ya ciro tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi.

"Malam, don Allah in tambaye ka. Kunnen yarinyar nan yana ruwa, wani lokaci har da wari. Uwarta sai cusa auduga take yi, ta hana ni sakat, wai a kai ta asibiti. Ni kuma ga saƙon da makaranta ke turo mini duk Juma'a, maƙwabcina ke karanta mini, wai sauraronta lafiya lau. Na ce mata, haba, mutanen da ke da na'ura ai sun fi mu sani, ruwan wanka ne ke shiga. Amma hankalina bai kwanta ba. Kai ne kake tare da ita kullum. In kai ta?"

Nan ne wurin. Duk abin da ya gabata ana iya gyara shi da kalma biyu: kai ta. Ba sai ya tona kansa ba ma. Amma ya hango likita yana cewa yarinya ba ta ji, ya hango tambayar da za ta biyo baya: to, wa ke cin takwas cikin goma? Ya kalli mariƙin da ke hannunsa.

"Ai abin da na'ura ta faɗa ke nan," ya ce. "Da akwai matsala, da ta nuna."

"Madalla! Ka sauke mini nauyi. Bari in je in gaya wa uwarta ta bar ni in sha ruwa."

Nas ta zo tsakiyar zango da jakarta da takarda mai suna bakwai. A makon Goggo Alli tana gida, gwiwa ta kayar da ita. Aka duba bakwai ɗin a ofis. Wani ɗan aji huɗu da aka daɗe ana ranƙwashi don rashin ji, aka ba shi maganin ɗigawa da ƙwayoyi. Kafin wata ya ƙare shi ke tsawata wa na baya su rage surutu. Da za ta tafi, nas ta leƙo aji uku.

"Malam, ajinka babu ko ɗaya?"

"Babu, Sista."

"Kai, sannu da aiki. Da duk haka suke, da na huta."

Taku uku ne tsakaninta da yarinyar, auduga na ƙarƙashin ɗankwali. Yarinyar ta yi wa nas murmushi, nas ta mayar mata.

A hutun zango zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara, da jiri mai sa ta riƙe bango. Iyayen suka yi ta maganin zazzaɓi, don an riga an wanke musu kunne daga zargi. Ta dawo makaranta a rame, tana tafiya tana karkata kamar mai ɗauke da bokiti a hannu ɗaya. Yanzu ko ƙararrawa ba ta tashinta, sai ta ga yara sun miƙe ta miƙe. In malamin na magana bakinsa take kallo, kallon mai ƙishirwa.

Ya gani. Ya dawo da ita bencin gaba, yana buɗe baki sosai in ya juyo wajenta, ya kira wannan kulawa. Kullum yana cewa gobe zai daina. Amma na'ura ta yarda da yatsansa, ta yi ta ɗaga yarinyar mataki bayan mataki har ta kai ta karatun 'yan aji biyar. In ya saki yau, ɗigon zai faɗo daga sama zuwa ƙasa a yini ɗaya, kowa ya tambaya. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Nasa ya riga ya wuce kansa. Sai tsumma ya ci gaba da zuwa famfo.

Ƙarshen zango na biyu aka shirya ranar nuni. Aka share fili, aka jera kujeru ƙarƙashin rumfa, manya daga ofishin ilimi suka zo tare da jami'ar shirin. A nan za a sanar da naɗa Malam Kore mai koya wa malamai. Abin da bai sani ba shi ne jami'ar ta zo da tata takardar. Na'ura ta zaɓi yaron da ya fi kowa ci gaba a duk makarantun shirin, ita kuma ta sa Hedimasta ya gayyato iyayen a ɓoye, don a ba malamin mamaki.

Da ya hango kafinta a layin gaba da wankakkiyar riga, babu fensir a kunne, matarsa a gefe tana gyara mayafi, sai ya ja da baya ya shige cikin jama'a.

"Lamba ashirin da bakwai, aji uku!" in ji jami'a. "Daga ja zuwa karatun aji biyar, a zango biyu."

Aka yi tafi. Yarinyar ba ta motsa ba sai da ta kusa da ita ta zungure ta. Aka zaunar da ita a tebur gaban jama'a, aka ɗora na'urar a kan mariƙin da ubanta ya sassaƙa, aka haɗa da lasifika don kowa ya ji.

"Bari mu fara da mai sauƙi," in ji jami'a, "baƙi su ga inda ta faro."

"Taɓa hoton tsuntsu," in ji muryar.

Ta nemi fuskar malaminta cikin jama'a, ta same shi, ta jira bakinsa ya motsa. Bai motsa ba.

"Taɓa hoton tsuntsu."

Ta taɓa kujera. Allon ya yi ja. Muryar ta ce rana, ta taɓa takalmi.

"Kunya ce," in ji Hedimasta da dariyar yaƙe. "Ba ta saba da taro ba."

"Kwantar da hankalinki, uwata," kafinta ya ɗaga murya daga kujerarsa. "Yi yadda kika saba."

Goggo Alli ta tashi da sandarta. Ta ɗauki ƙararrawar hannu daga teburin mai gadi, ta ɗingisa ta zagaya bayan yarinyar, ta kaɗa ta da dukan ƙarfinta dab da ƙeyarta. Manyan baƙi suka zabura, wani jariri ya tsala kuka a baya. Yarinyar tana nan tana kallon hotuna huɗu, yatsa a sama, tana murmushi.

Uwar ce ta fara ganewa. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta zame daga kujera zuwa ƙasa.

Jami'a ta jawo na'urar gabanta, ta shiga inda malamai ba sa shiga. Na'ura ba ta san wa ya taɓa ta ba, amma ta san yaushe. Jami'a ta karanta a fili: tun daga mako na uku, kowace amsa an ba da ita tsakanin ƙarfe goma da goma da minti biyar, lokacin da yara ke waje. Takwas cikin goma, takwas cikin goma, ba ƙari ba ragi, kwana ɗari da uku.

"Wa ke riƙe da na'urorin aji uku a lokacin hutu?"

"Ni ne," in ji Malam Kore. Ita ce gaskiyar farko da ya faɗa a kan yarinyar, ta kuwa zo a makare.

Kafinta ya taso. Mutane suka matso, sun ɗauka duka zai kai. Ya tsaya gabansa, kansa bai wuce kafaɗar malamin ba.

"Malam, na tambaye ka fa," ya ce. "Da bakina na tambaye ka."

Ya juya ya ɗauki 'yarsa, wadda ta wuce ɗauka, ya saɓa ta. Suna fita daga fili tana ɗaga wa malaminta hannu ta bayan kafaɗar uban.

Goggo Alli ce ta raka su asibiti, ita ta kawo labari ɗakin malamai, a tsaye ta faɗe shi. Ciwon ya ci ya shige ciki, zazzaɓin hutu ya ƙarasa. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura ɗan abin da bai kai a kira shi ji ba. Likita ya tambayi yaushe ruwan ya fara. Da aka gaya masa ya ajiye biro, ya ce da a lokacin aka zo, maganin ɗigawa da ƙwayoyi sun isa. Irin na ɗan aji huɗu.

"Ni ma ina da nawa kason," in ji tsohuwar. "Na gani da idona, na bar lamba ta rufe mini baki. Da na ja ta da hannuna na kai ta." Waɗanda suka yi dariya ranar makulli suka sunkuyar da kai.

Aka dakatar da Malam Kore kafin kwamiti ya yanke hukunci. Da ya zo kwashe kayansa daga aljihun tebur, littafin kwanaki ukun nan ya faɗo ya buɗe a shafin da ya ja wa layi biyu. Rubutun hannunsa ne, mai kyau, a tsare. Ya daɗe yana kallonsa. Hedimasta ya rantse bai taɓa cewa kowa ya yi ha'inci ba, kuma gaskiyarsa, aka mai da shi wata makaranta. Jami'a ta sa aka sauke gilashin daga bango, ɗigon yaro ya koma malaminsa da nas kaɗai ke gani. Na'urorin suna nan, yara na karatu da su, domin ba su suka yi ƙarya ba.

Malam Kore ya yi mako uku kafin ya iya bin layin shagon kafinta. Da hantsi ya je. Rumfar kwano ce, ƙurar katako har idon sawu, ƙofofi marasa fenti jingine da bango. Kafinta na jan zarto. Yarinyar na zaune a kan akwati tana ware ƙusoshi, manya a gwangwani ɗaya, ƙanana a ɗaya. Zarto na kuka dab da ita, ba ta ko ƙifta ido.

Ya yi sallama. Kafinta ya amsa, don sallama ba a ƙin amsa ta, amma bai daina yanka ba.

Inuwarsa ta gani. Ta ɗago, fuskarta ta washe, ta miƙe tsaye ta haɗa hannu a baya kamar a aji.

"Ina kwana, Malam!" Muryar ta fita da ƙarfi fiye da kima, a karkace, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Malam, wa ke wanke tsumma yanzu?"

Babu wanda ya gaya mata. Ta ina za a gaya mata? A wurinta har yanzu shi ne malamin da ke ba ta tauraro kore.

Ya durƙusa cikin ƙurar har fuskarsa ta zo daidai tata. "Na cuce ki," ya ce. "Ni na hana a duba ki. Ki yafe mini." Ta kalli bakinsa, ta gyaɗa kai, ta yi murmushi. Ya san wannan murmushin. Ya maimaita da ƙarfi har mai shagon gefe ya leƙo. Murmushi.

Ya ɗauki guntun katako daga ƙasa, ya ga fensir a kan teburin aiki, ya rubuta da manyan baƙaƙe: KI YAFE MINI. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta karɓa. Ta duba kalmomi uku, ta ɗaga yatsa, ta yi jim, ta taɓa ta tsakiya. Sannan ta ɗago tana kallonsa, tana jira ya nuna mata ko ta ci.

Zarto ya tsaya.

"Ba ta iya ba, Malam," in ji kafinta. "A takarda tana aji biyar. A nan ba ta haɗa baƙi biyu. Kai ne malaminta, ka fi ni sani."

"Ka taimake ni ka nuna mata da hannu. Kai ka san yadda kuke magana."

"Ba zan zama bakinka ba. Goggo na zuwa kullum da yamma da allinta, sun kai baƙi shida. Ran da ta iya karanta wannan da kanta, ta kuma gane abin da ake nema ta yafe, ita ta sani. Hakkinta ne, ba nawa ba. Kafin nan kada ka sake biyo layin nan."

Ya karɓi katakon daga hannun yarinyar, ya ɗora shi a saman kantar kayan aiki inda ba ta kaiwa, rubutun na kallon bango. Ya koma ga zartonsa. Malamin ya miƙe, ƙura a gwiwoyinsa, bai kakkaɓe ba. Yana kai bakin layi ya jiyo muryar nan mai ƙarfi a bayansa.

"Sai gobe, Malam!"

Ranar Alhamis takardar kwamiti ta fito. An sallame shi daga aiki, an soke sunansa daga rajistar malamai, an hana shi tsayawa gaban aji muddin ransa. Shekararsa talatin da huɗu.